MAGANAR DA TA ƘI FITA A ƊAKI

'Yan'uwana mata da suka yi ta cigiyata, wasu ta hannun edita, wasu ta hannun mutanen gidanmu, suna tambayar wai ina na shige ne aka daina ganin sabon littafina a kasuwa. To ga ni, ina nan da raina, aure ne ya ɗauke ni ya kai ni wata uwa duniya. Yau kuma ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba, labarin wata tafiyar ƙasa ce ta wuni guda da muka yi ni da maigidana a cikin wani kurmi a ƙasar Amurka.

Duk mai karanta littattafanmu na soyayya ya san yadda muke son lambu. Da wuya ki buɗe littafi biyar ba ki ci karo da wani ni'imtaccen wuri a shafin farko ba, inda iska ke kaɗa furanni, tsuntsaye na kai da komo, saurayi da budurwa na zaune a kan fararen kujeru suna fuskantar juna, shi ya zubo zance shafi biyu, ita ta mayar masa da shafi uku. Ba laifi ba ne, daɗin karatun ke nan, kuma da shi muke cin abinci. Amma ke 'yar'uwa da kike gidan miji, tsakaninki da Allah, yaushe rabon da Bahaushen mijinki ya zaunar da ke ya dubi tsabar idonki ya faɗa miki abin da ke cin ransa? Zancen cefane zai yi, zancen kuɗin makarantar yara zai yi, faɗa ma zai yi shi ido cikin ido. Amma abin da ya taɓa zuciya kam sai dai ya haɗiye abinsa. Ni dai abin da na gani da idona shi ne, akwai maganar da ba ta fita sai ana tafiya, ɗaya a gaba ɗaya a baya, babu mai kallon fuskar wani.

Aurenmu na zumunci ne, mahaifiyarsa ƙanwar Babana ce, don haka Yaya nake ce masa tun ina ƙarama har yau. Karatu ya kai shi wani gari mai suna Tempi, wanda ke manne da Finiks, babban birnin jihar Arizona, ni kuma na bi shi a ƙarshen shekarar 2022. Da yawa a gida sun ɗauka duk ƙasar Amurka sanyi ce da ƙanƙara, har da mai yi mini tsarabar rigar sanyi guda uku. Nan kuwa hamada ce tsagwaronta. A shekarar 2023 sai da garin Finiks ya jera kwana 31 cur, daga 30 ga Yuni zuwa 30 ga Yuli, kullum zafi na kai maki 43 ko ya wuce. Ki ƙaddara Sakkwato ce a tsakiyar bazara, sai dai shi wannan ko da dare ba ya sauka. Marfin mota ma sai ki sa gefen mayafi kafin ki taɓa. Babu zaman tsakar gida, babu maƙwabciyar da za ki leƙa ki ce ta sam miki gishiri, daga ke sai na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani dare da rana.

A cikin waɗannan kwanakin na haihu, cikin wata 7, yaron bai zo da rai ba. Namiji ne, abin da aka gaya mini ke nan, domin ban san inda kaina yake ba lokacin da aka fita da shi.

Da a gida ne, kin san yadda ake yi. Gida zai cika, masu gaisuwa na shiga suna fita suna cewa Allah ya sa mai ceto ne, wata tsohuwa ta ɗora ruwan wanka, wata ta dama kunun kanwa, ko ba ki so sai an sa ki magana. A can kuwa mata uku 'yan ƙasarmu ne suka zo, Allah ya saka musu, suka yi mini girki, amma kowacce da aikin da ke jiranta. Da suka watse sai gida ya rage daga ni sai Yaya, sai kuma kunya ta zauna a tsakaninmu ta miƙe ƙafa. Ɗan fari ne fa. Mu da aka koya wa ko yana raye ba a kama sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban manya, to ina ga wanda ya koma? Da wane bakin za a fara? Wata uku muna haka. Sannu da zuwa, ga abinci, ya jiki, da sauƙi. Ya fita tun da safe, ranar Juma'a ma sai bayan la'asar sakaliya zai shigo. Ni kuma in ɗauki biro da littafi in zauna har ya dawo ban cika layi biyu ba.

Ana nan sai Gwaggo ta fara waya a kan a mayar da ni gida in yi jinya a gabanta. Don Allah ta faɗa, na sani, ita ta yaye ni. Amma ke ma kin san yadda irin wannan tafiyar take ƙarewa. A ce wata uku, wata uku ya zama shekara, takardu su yi wuya, daga nan sai ki ji dangi sun fara cewa ai bai kamata namiji ya zauna a ƙasar Turawa shi kaɗai ba. Duk lokacin da ta kira ina jin Yaya daga falo yana cewa "To Hajiya, in sha Allahu Hajiya." Ni kuwa bai ce mini ki tafi ba, bai ce ki zauna ba.

Ranar wata Litinin da dare a farkon watan Nuwamba, yana cin tuwo kansa a sunkuye ya ce, "Gobe ba ni da aji. Ki nemi kambas ɗinki da rigar sanyin nan da kika ce ba ta da amfani, za ki raka ni wani wuri." Na ce to. Na zuba dambun nama a roba, na cika fulas da shayi, muka fita da asuba.

Arewa muka miƙa a kan babbar hanya mai lamba 17. Da gari ya fara haske sai ga wasu irin tsirrai masu ƙaya tsaye a kan tuddai, dogaye kamar falwaya, kowanne ya ɗaga hannuwa sama sai ka ce ɓarawon da aka ritsa. Sawaro suke ce musu. Mota na ta hawa, kunnuwana na toshewa suna buɗewa, can sai na duba na ga babu su ko ɗaya, ashe ba sa jure sanyin tudu. Finiks na kan kimanin mita 330 daga saman teku, garin da za mu kuwa, Sedona, ya haura mita 1,300. Bayan kamar awa biyu muka saki babbar hanya, muka sha wata kwana, sai kawai na ji bakina ya ce "La'ilaha illallahu!"

Duwatsu ne jajaye jawur, ba irin ƙananan nan ba, wani kamar katangar birni, wani kamar ƙatuwar ƙararrawa an kife ta a ƙasa, wani da hasumiyoyi sai ka rantse magini ne ya tsara shi. Rana na fitowa ta daki jikinsu, suka yi kamar garwashi. Yaya ya ce ba komai ba ne illa tsatsa. Asalin dutsen yashi ne da ya daskare, kowane ƙwayar yashi kuma da ɗan sinadarin ƙarfe a jikinsa, shi ne ya yi tsatsa ya rina shi, kamar dai jan marmarar da muke gani a Dutsen Dala. A saman jan kuma akwai wani fari-fari mai ruwan madara, wanda masana duwatsu suka ce jigayin rairayi ne na wata tsohuwar hamada, da suka sandare tun fiye da shekara miliyan 270. Idan ki ka kura ido za ki ga layi-layi a karkace a jikin farin, irin wanda iska ke zanawa a kan tudun yashi.

Sunan garin ma na mace ne. A shekarar 1902 wani mutum mai suna Shinebli ya nemi a buɗe gidan waya a wurin, sunayen da ya aika aka ce sun yi tsawo, sai ɗan'uwansa ya ba shi shawarar ya sa sunan matarsa, Sedona. Iyakar abin da Yaya ya gaya mini a mota ke nan, yana murmushi yana cewa ga abin rubutu na samu. Sauran labarin daga baya na karanta da kaina. A 1905 'yarsu mai shekara 5 ta harɗe da linzamin doki, ya ja ta, ta rasu. Baƙin ciki ya kwantar da matar har sai da suka tattara suka bar garin da ke ɗauke da sunanta, ba su dawo ba sai bayan fiye da shekara ashirin. Ina da yaƙinin Yaya ya san wannan ɓangaren, tsallake shi ya yi.

Ba mu tsaya a cikin gari ba, shagunan tsaraba ne da masu yawon buɗe ido. Muka bi wata siririyar kwalta da ta kutsa cikin wani kwazazzabo tana bin gefen rafin da suke kira Ok Kirik, tafiyar kamar kilomita 16, har muka zo inda ake ajiye motoci a biya kuɗi. Wurin ya yi suna ƙwarai, an ce a watan Oktoba, lokacin da ganye ke sauya launi, motoci layi suke yi a bakin ƙofa ana jiran wani ya fita kafin wani ya shiga. Mu da muka zo ranar Talata da sanyin safiya bayan an gama rububin, ba mu tarar da motocin kirki ba.

Abin da ya ba ni dariya, wurin ajiye motocin ma sunan littafin soyayya aka sa masa. Wani marubucinsu mai suna Zen Gire ne ya rubuta shi, The Call of the Canyon, wato kiran kwazazzabo, ya fito a 1924, an kuma yi fim ɗinsa a nan wurin tun 1923, domin labarin ya riga ya fita kashi-kashi a wata mujallar mata. Labarin wani soja ne da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba lafiya, ya zo nan jinya, budurwarsa 'yar gayun birnin Niyok ta biyo shi, ta kasa jure zaman daji ta gudu, daga baya zuciya ta dawo da ita. Na ce wa Yaya ashe sana'ar tamu ba a Kano aka fara ta ba, sai dai su har gari ya san da zamansu. Ya ce, "Malama marubuciya, ke ma a juri zuwa rafi."

Aka ƙetare wata gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa, sai wani fili mai tsofaffin bishiyoyin tuffa da ba mai kula da su, sai kuma kangon wani masaukin baƙi da manyan 'yan fim ɗinsu suka riƙa sauka a da, wanda gobara ta cinye a 1980. Murhun dutse da guntayen bango ne kawai suka rage, ciyawa ta haye su. Daga nan hanya ta shige wani reshen kwazazzabon, shi ne Wes Fok, shi muka zo dominsa.

'Yar'uwa, ban san yadda zan kwatanta miki shirun wurin nan ba. Ba shirun ɗakina na Tempi ba ne mai danne ƙirji. Da muka yi 'yar tafiya kaɗan ƙarar motoci ta ɗauke ɗif, waya ma ta daina kamawa. Sai motsin ruwa a kan dutse, sai takunmu a kan yashi mai laushi da busassun ganye, sai wani shuɗin tsuntsu mai baƙin tukku da ya yi ta bin mu yana tsiwa. Hagu da dama bangon dutse ne ya tashi sama, ja daga ƙasa fari daga bisa, sai kin ɗaga kai har ɗankwali ya nemi zamewa kafin ki ga ƙarshensa. A tsakaninsu kuma kurmi ne sosai, a tsakiyar ƙasar da awa uku baya ko inuwar fakewa babu. Dalili kuwa shi ne ƙanƙara da ruwan da ke zuba a kan tudun da ke sama suna tsuma cikin dutsen yashin, su ɓullo a ƙasa a matsayin idon ruwa, don haka ƙoramar ba ta ƙafewa. Ga bangon dutsen ya tare rana, ba ta leƙowa sai ta yi tsaka. Har tururi ke fita daga bakinmu don sanyi.

Akwai wasu dogayen bishiyoyi masu ganye kamar allurai da jan ɓawo, fondarosa sunansu. Yaya ya ce in kai hancina jikin ɓawon. Na ɗauka tsokana ce, amma wallahi ƙamshin filebon da muke sa wa kek ne sak. Akwai kuma irin bishiyar nan da ganyenta ke jikin tutar Kanada, rabin ganyen ya zube ya yi wa ƙasa jar shimfiɗa, rabi na sama yana saukowa ɗaya-ɗaya. Ya nuna mini wata ciyawa mai ganye uku-uku ya ce in kiyaye ta, ƙarara ce ta ƙasarsu, har ƙuraje take sawa.

Hanyar ba ta da hawa mai wahala, amma sau 13 take ƙetare ƙoramar, kuma babu gada ko ɗaya, sai duwatsu da gungumen itace da za ki taka. A ƙetare na farko na tsaya ina tattare doguwar rigata, Yaya ya riga ya haye, sai ya juyo ya miƙo mini hannu. Sai da na waiwaya na ga ko akwai mai kallo, abin ka da 'yar Kano. Babu kowa sai tsuntsun nan. Na ba shi hannun. Muna hayewa ya saki, ya wuce gaba, domin turbar ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Haka muka yi ta yi, a ruwa a riƙe, a tudu a saki. Wata tsohuwar Baturiya da za ta yi shekara saba'in ta zo ta wuce mu da sandunanta biyu, ita kaɗai, ta gaishe mu da fara'a kamar ta san mu. Abin mamakin mutanen nan ke nan, a gari maƙwabcinki ba zai ce miki ci kanki ba, amma a daji kowa sai ya gaishe ki. Na kuma tuna da iyayenmu da tun suna hamsin muke zaunar da su a kan tabarma da sunan gata, har ƙafa ta riƙe.

Mun wuce ƙetare na biyar ko na shida, ina bayansa ina kallon ƙeyarsa da jakar da ya goya, sai na ji ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kin san yana da gashi?"

Na ce, "Wa?"

Ya ce, "Yaron."

Bai rage sauri ba, ni ma ban rage ba. Ya ce baƙi ne wuluk, kwance luf irin na Kawu, wato Babana. Ya ce a cikin farin zane nas ɗin ta miƙo masa shi, ko nauyin mudun gero bai kai ba, amma komai nasa ya cika, har farce. Ya ce mutum huɗu ne daga masallaci suka raka shi, wani ya ja motar, shi kuma ya riƙe shi a cinyarsa har maƙabarta, yana ta gyara masa zanen saboda rana na shigowa ta taga. Ya ce a ransa ya sa masa sunan Kawu, bai gaya wa kowa ba. Ya ce daɗewar da yake yi ranar Juma'a ba makaranta yake komawa ba, can yake zuwa ya ɗan tsaya.

Muryarsa na fita daidai kamar mai karanta labarai, sai dai wani wurin ta tsaya, in ji takunsa kawai, sannan ta ci gaba. Ni kuwa hawaye ne ke zuba har cikin wuyan rigata, kuma a karo na farko cikin wata uku ban nemi inda zan ɓoye su ba, domin ba mai ganina. Shi ma ban ga nasa ba. Da muka zo ruwa na gaba ya miƙo hannu fuskarsa na kallon duwatsun takawa, ni ma su nake kallo.

Can gaba turbar ta hau wani ɗan tudu, ya tsaya ɗaure igiyar takalmi, sai na wuce shi na zama ni ce a gaba. Ban shirya ba, kawai da na ga ba kowa a gabana sai itatuwa sai bakina ya buɗe. Na gaya masa yadda ruwan nono ya zo a kwana na uku, ga shi ba tsohuwar da zan tambaya, na ɗaure ƙirjina da zani na kwana a zaune. Na gaya masa kayan jariran da muka saya suna cikin akwati a ƙarƙashin gado, kuma duk ranar da ya fita sai na fito da su na sake ninkewa. Na gaya masa duk labarin da na fara rubutawa, da na kai shi ranar ɗaurin aure sai biro ya tsaya, domin na san abin da ke biyo bayan biki a littafi, suna ne. Daga bayana ba abin da yake cewa sai "Na'am. Ina jin ki." Wallahi ko a littafi ban taɓa sa wa namiji kalmar da ta kai waɗannan biyun daɗi ba.

Bayan kilomita 5 da ɗoriya turbar ta ƙare. A nan bangon biyu suka matso juna, ruwa ya cika tsakaninsu, ya ci gindin dutsen ya mayar da shi kamar rumfa mai lanƙwasa, sumul kamar an shafe da hannu. Mai son wucewa sai dai ya shiga ruwan, mai sanyin da ke sa haƙori ciwo, kuma an gargaɗi mutane da shiga irin wannan matsatsin a lokacin damunarsu, wajen Yuli zuwa Satumba, domin ana iya yin ruwa a can sama inda ba ki gani, ambaliya ta iso miki rana na haskawa. Muka zauna a kan wani faffaɗan dutse kafaɗa da kafaɗa muna fuskantar bangon, na zuba shayi, muka ci dambu da biredi. Rana ta samu ta leƙo, hoton jan dutsen ya kwanta a cikin ruwan.

Yana juya kofi a hannunsa ya ce, "Hajiya na so ki koma. Ni ban san abin da zan ce mata ba, don ni na kawo ki inda ba ki da kowa, ina jin nauyin in ce ki zauna. Ke me kike so?"

Tun da aka fara maganar nan, daga Kano har Arizona, babu wanda ya yi mini wannan tambayar. Na ce ina kewar gida kamar raina zai fita, amma ba zan tafi in bar mutum biyu a ƙasar nan ba. In ya gama karatu mu koma tare. Na ce abu ɗaya nake roƙo, ranar Juma'a in zai je, ya biyo ya ɗauke ni, ko daga cikin mota ne ya nuna mini wajen da yake. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Allah ya kai mu." Ya kuma cika alƙawari a Juma'ar da ta biyo.

Dawowa ta fi wuya, ƙafafun da suka yi wata uku daga gado sai kicin suka fara rawa, a wani ƙetaren ma na zurma ƙafa ɗaya cikin ruwa har ƙauri. Mutane kuma sun fara yawa, masu karnuka da masu kyamara. Ina ɗingishi ina mita, Yaya ya ce in na gaza zai goya ni, ai an taɓa yi a ƙasar nan. Na ɗauka wasa ne, sai a mota ya ba ni labarin. Asalin masu wannan yankin ƙabilun Yabafai da Afaci ne. A watan Fabrairun 1875 gwamnatin Amurka ta tashe su, mutum wajen 1,500, aka kora su a ƙasa cikin tsananin sanyi zuwa wani wuri mai suna San Kalos, tafiyar kusan kilomita 290 ta cikin duwatsu da kogunan da suka cika. Da yawa ba su kai ba. Likitan sojan da ya bi su ya rubuta cewa akwai wani tsoho da matarsa ba ta iya tafiya, sai ya sa ta a cikin babban kwando ya goya ta a bayansa. Jikokinsu da suka dawo sun kafa mutum-mutumin tsohon da matarsa a garin Kam Bade, wanda babbar hanyarmu ta komawa ta ratsa, kuma duk watan Fabrairu suna taruwa su tuna da tafiyar. Na yi shiru ina lissafin nawa kilomita goman da nake wa raki.

Awa takwas ce tsakaninmu da gida, don haka sai da sha ɗayan dare ta yi, lokacin Gwaggo ta idar da lazimi ta zauna karyawa, sannan ya kira ta. Wannan karon bai tafi falo ba, a bakin gado ya zauna. Bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, a yi mana haƙuri, mun yi shawara da ita, za ta zauna sai na gama." Aka yi shiru har na zaci layin ya katse, sai kukan zakaranta nake jiyowa. Can ta ce, "Ba ni ita."

Na karɓa hannuna na rawa, na durƙusa a ƙasa kamar tana gabana. Ta ce, "Ke 'yar nan, da bakinki kika ce za ki zauna, ko shi ne ya tsara ki?" Na ce da bakina ne Gwaggo. Ta numfasa ta ce, "To. Ni ma biyu na binne kafin in samu wannan da kike gani." Na dubi Yaya, na ga shi ma yau ya fara ji. Kafin in samu abin cewa ta riga ta wuce wurin, tana tambayata ko ina cin abinci kuwa, da ko kukar da ta ba ni ta ƙare, don akwai wani yaron unguwarsu da zai taho Amurka bayan sati biyu, za ta ba shi kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, in dai garinsu bai yi nisa da namu ba.